Ku karɓi makullin shago, ku bar wa tsoho kujerarsa

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin ƴaƴan da Allah ya buɗa wa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Yaro ya kawo ƙarfi, ya ga gemun mahaifinsa ya yi fari fat, ko ya ga mahaifiyarsa sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe daga gaban kasko, sai ya ce: "Baba, ya isa haka nan, ka zauna gida ka huta." Ko kuma: "Inna, daga yau kin bar zuwa kasuwa, duk abin da kike samu ni zan riƙa ba ki." Magana ce ta ɗan halak, kuma ba mu shakkar da kyakkyawar niyya ake faɗinta. Amma a ganinmu rabinta ne daidai. Sauke wa tsoho kaya wajibi ne a kan ɗa. Raba shi da mutane kuwa, ko da da sunan hutu ne, cutarwa ce. A kan wannan muke son mu yi magana da ku yau, ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata.

Ritaya dai asalinta kalmar ma'aikaci ce. Malamin lakwal, ma'aikacin likita, sakatare a buro, kowanensu ya san lokacin da za a ce masa ya ajiye aiki, galibi idan ya kai wajen shekara 60, sannan ya koma jiran fansho daga CARENI in gwamnati ya yi wa aiki, ko daga CNSS in kamfani ne. Waɗannan kuwa ƴan tsiraru ne a ƙasar nan. Mai tebur a Katako, mai auna hatsi a Kadro, mai atamfa a Kasuwar Dole, mai albasa a Galmi, babu mai yanke musu rana, babu kuma asusun da ke jiransu a wani buro. Abin da ke tada ɗan kasuwa daga rumfarsa ciwo ne, ko karyewar jari, ko kuma ƴaƴa su taru su ce ya isa. Na farko da na biyu ba a hannunmu suke ba. Na ukun a hannunmu yake.

Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuma ba su kai biyar cikin ɗari ba. Shi ya sa duk inda aka zauna maganar matasa ake yi, aikin yi ga matasa, jari ga matasa, kuma ba laifi ba ne. Sai dai lokacin da ƙasar nan ta samu ƴancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Tsofaffi suna ƙaruwa a gidajenmu. Wanda ya tashi daga rumfa yana da 60, in Allah ya nufa zai iya ƙara shekara 15 ko fiye a duniya. Shekara 15 fa, wato daga haihuwar yaro har ya isa riƙe shago. Me mutum zai yi da su?

Ku dubi wunin ɗan kasuwa guda ɗaya. Ya fito bayan asuba, ya taka daga unguwa har bakin kasuwa, kafin ya buɗe rumfa ya gaisa da mutum ashirin, kowa da irin tasa gaisuwa: wannan an yi masa haihuwa, wancan motarsa ta kwana a Ɗan Isa, ga abokin wasa can, Bagobiri da Bazabarme, sai sun taɓa juna kafin kowa ya kama gabansa. Kafin azahar ya san yadda naira ta kwana, ya san kuɗin tiyar hatsi a kasuwannin ƙauye, ya yi lissafi a ka ya fi sau ɗari ba alƙalami ba takarda, ya raba gardama tsakanin dillali da mai kaya, yaro ya zo neman shawararsa. Shekara arba'in yana haka. Rana ɗaya sai a ce masa ya zauna zaure. Abinci na zuwa a kan kari, riga wankakkiya, amma daga "ina kwana Baba" sai "sai da safe Baba", babu mai tambayarsa komai, babu mai jiran zuwansa ko'ina. Kowa a cikinmu ya taɓa jin an ce: "Wane fa garau yake, yana barin kasuwa sai ya zube." Ajali na Allah ne, ba mu musu. Amma jikin da ya saba tafiya aka zaunar da shi, da kan da ya saba lissafi aka bar shi ba abin lissafawa, ba abin mamaki ba ne in suka yi sanyi da wuri.

Ta iyayenmu mata ta fi tsanani. Namiji ko ya bar kasuwa yana da masallaci sau biyar a wuni, yana da majalisar dattawa a gindin bedi, yana da inda ake dara. Mace kuwa sau da yawa sana'arta ita ce ƙofarta zuwa duniya. Mai ƙosai da ta shekara talatin a kusurwa ɗaya ta san yaran unguwa kaf, ta san wanda uwarsa ba ta da lafiya don yau bai zo da kwano ba, ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma ta san yadda za ta ƙara masa biyu a kan na dala ashirin ba tare da ta kunyata kowa ba. Dillaliya ta san ɗakin kowace amarya. Mai fura, mai ƙuli-ƙuli, mai kayan miya, kowace da jama'arta. To sai ɗa ya samu aiki ko kasuwa ta karɓe shi a Yamai, ya ce ba zai iya barin tsohuwa cikin hayaƙi ba, ya turo mota a ɗauko ta. A kai ta gida mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ga fanka, ga talabijin, ga nama kullum. Da ƙarfe bakwai jikoki sun tafi lakwal, in sun dawo da Faransanci suke hira tsakaninsu. Matar ɗa ta tafi wurin aiki. Maƙwabta ba ta jin harshensu, su ma ƙofarsu a rufe take. Matar da ba a suna ko biki a unguwarsu sai da ita, yanzu sai bayan an rufe ƙawarta take jin rasuwar ta waya. Bayan wata uku sai ta fara cewa a maida ita gida, a yi ta mamaki, har wani ya ce tsohuwa ba ta da godiya. Tana da godiya. Ta dai gane abin da ke cin ta tun kafin likita ya gane.

Mu masu aikin rediyo mun san waɗannan iyaye ta murya. Akwai masu bugo waya kusan kowace safiya a filin gaishe-gaishe, ba su neman waƙa, ba su da wata sanarwa, su dai a bar su su jera sunayen mutanen layinsu na da, ɗaya bayan ɗaya, su ji an maimaita nasu sunan a iska. In lokaci ya ƙure aka katse su, har fushi suke yi. Wanda ke da mutum ashirin da zai gaisa da su ido da ido kafin hantsi ba ya kashe kuɗin waya a kan haka.

Kada kuma mu ce kaɗaici ciwon Turawa ne, mu da muke da zumunci. Gaskiya ne a can ya fara zama maganar gwamnati: Ingila ta naɗa ministan da ke kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, kuma lokacin mutane da yawa a nan dariya suka yi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan batun a 2023, kuma rahoton da ya fito a 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, ana kuma danganta shi da mutuwar mutane sama da 870,000 a kowace shekara. Rahoton bai ware ƙasashen talakawa ba, hasali ma ya nuna abin ya fi yawa a cikinsu. Zumuncinmu gaskiya ne, amma a ƙafa yake, kamar yadda magabata suka faɗa, kuma ƙafafun yanzu suna Yamai, suna Agadas, suna Libiya da Aljeriya da Kwatano wajen nema. Gida cike da yara ma bai hana tsoho zama shi kaɗai ba, in babu sa'ansa da zai ce masa "ka tuna?"

Akwai kuma rikicewar tsufa, wadda muke ɗauka kamar dole ce ga duk wanda ya daɗe. Wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta tara ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na masu wannan ciwo, yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya magancewa ko ragewa. A cikinsu akwai hawan jini da ciwon sukari da rashin motsa jiki, akwai rabuwa da mutane, akwai raunin ji da raunin gani. Waɗannan biyun na ƙarshe ku riƙe su da kyau. Sau da yawa tsohon da aka ce ya daina son mutane, kunne ne ya yi nauyi, yana jin kunyar ya riƙa cewa "me ka ce?" sai ya janye. Tsohuwar da ta daina zuwa barka da gaisuwa, yana ce ta rufe mata ido, tana tsoron faɗuwa a hanya ko ta wuce babba ba ta gaishe shi ba. Yanar ido kuwa aiki ne na ɗan lokaci ga likitan ido, kuma ana yin sa a ƙasar nan. Ɗan da ke da halin saya wa uwarsa talabijin, ya fara kai ta a duba mata ido da jini tukuna.

To amma kada dattawa su ɗauka mun zo ne mu goya musu baya a kan komai. Akwai tsohon da shi ne matsalar kansa da ta gidansa. Ya haura 70, makullin mangaza na cikin aljihunsa, ɗansa mai shekara 40 da ƴaƴa biyar ba ya iya rage wa mai saye jika ɗaya sai ya aika an tambayo. Bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa duk a kansa suke, babu littafi, babu shaida. Ranar da ya faɗi, waɗanda yake bi su yi shiru, waɗanda ke bin sa su zo tun kafin a share makoki, ƴan uba su kama juna, a kwashi shekaru ana zarya gaban alƙali, dukiyar da aka tara tun zamanin gyaɗa ta watse cikin damina biyu. Gidaje nawa muka sani da suna ya rage, shago ya zama na wani? Wannan riƙon ba shi ne muke karewa ba. Alhaji, Hajiya, ku miƙa makulli tun kuna da ƙarfin da za ku ga yadda ake juya shi, ku sa a rubuta bashi gaban shaidu, ku bar yaro ya yi kuskurensa na jika goma kuna raye, ya fi ya yi na miliyan goma ba ku nan. Abin da muke cewa a bar muku shi ne kujera a bakin rumfa, da ranakun da kuka zaɓa ku zo, ko Litinin da Juma'a ne kawai.

Kujerar nan kuwa ba sadaka ba ce ake ba tsoho, shago ne ke cin ribarta. Wanda ya haura 65 yau, da idonsa ya ga lokacin da Najeriya ta rufe iyaka ta canza takardun naira a 1984, ga fari a shekarar. Yana kasuwa a watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa, aka kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50 aka tashi yana 100, ya ga waɗanda suka haye da waɗanda suka nutse, ya kuma san dalili. Ya ga yunwar 2005 da yadda kuɗin hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Saboda haka da aka sake rufe iyaka a 2019, aka kuma sa wa ƙasar nan takunkumi a 2023, wanda ke da irin wannan dattijo a kusa yana da mai ce masa kada ka zuba jarinka duka a kaya ɗaya, kada ka ajiye kuɗin da ba ka san yadda za su kwana ba, wane ana ba shi bashi, wane kuwa ko ya rantse a karɓi kuɗi hannu. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, kuma abin da ya nuna shi ne kasuwancinsu a kan mutane ya ginu, ubangida da baransa, amana daga Maraɗi har Kano, kaya na miliyoyi a kan kalmar baki. Amanar nan fuskar tsoho aka sani da ita. In ya ɓace daga rumfa rana ɗaya, yaro zai gaji kanta da kaya, amma sai ya sake neman mutane daga farko. In kuwa yana zaune gefe shekara biyu, uku, yana cewa "wannan ɗana ne, ku ba shi kamar ni kuka ba", an gada har da mutanen.

Mata ma suna da irin wannan kujera, kuma tasu ta riga ta kafu. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Asusu ne da mata ke zubi kowane mako, su ranta wa junansu, su raba in zagaye ya cika. Duk wadda ta taɓa zama cikin irin wannan ƙungiya, ko cikin adashe na layin kasuwa, ta san ba kuɗi kaɗai ke riƙe ta ba, sai an samu babbar mace da ake jin kunyarta, wadda in ta ce "ke wance, makon nan ba mu gan ki ba" magana ta ƙare. Uwar da gwiwa ta hana ta zama gaban wuta tana iya riƙe wannan. Tana iya zama a bakin tebur da hantsi ƴarta ko jikarta na suya, ita tana karɓar kuɗi tana hira da masu saye. Hayaƙin aka raba ta da shi, kuma shi ne dama ke cutar ta.

Sai dai zama a kujera ana ba da labarin da kawai, shi ma yana gundurar mai yi da mai saurare. Dattijon da ke son yara su riƙa zuwa wurinsa, sai shi ma ya yarda akwai abin da bai sani ba. Kasuwar yau rabinta a waya take: ana turo hoton kaya ta WhatsApp daga Kano ko Lome, ana aika kuɗi ta Nita ko Amana ko Al Izza, ɗan acaba ya kai saƙo. Mun san tsofaffi masu cewa su ba ruwansu da wannan abin yara. To wanda ya iya juya naira zuwa sefa a ka, cikin hayaniyar tasha, danna waya ya aika murya ba zai gagare shi ba, in dai an samu jika mai haƙuri ya zauna da shi maraice uku. Ranar da ya iya, abokinsa da ke kwance a Tasawa ko Madawa ya dawo kusa. Haka karatu. Da yawa cikin iyayenmu neman abinci ya hana su zama gaban malami tun suna yara, suna ta cewa sai an samu sarari. Ga sararin ya zo. Makarantun islamiyya na matan aure da na dare suna nan a kowace unguwa, kuma ajin yaƙi da jahilci bai taɓa korar mai furfura ba. Gemu ba ya hana ilimi, haka muka ji tun muna yara, amma sai ka ga mai gemun ne ke fara jin kunya.

A nan ne tsofaffin ma'aikata suka shigo, don su ma kasuwa suke nufa in an sallame su. Labarin kusan iri ɗaya ne. Mushe ya shekara talatin da alli a hannu, ya karɓi ɗan abin da ya samu ko ya ci bashin banki, ya buɗe kanti ko ya sayi mota ya ba direba, bai san sari ba, bai san wanda ake ba bashi ba, kunya ta hana shi tambaya don jiya shi ake tambaya. Kafin shekara ta kewayo jari ya narke, ya koma gida ya rufe ƙofa, ga rashi ga kunya. Ku ƴan kasuwa kuna ganinsu, wasunku ma har dariya suke yi a ɓoye. Alhali mutumin nan yana da abin da layinku ke nema ruwa a jallo. Ya iya riƙe littafi, ya iya karanta takardar lanho da ta duwan ya gaya muku abin da ta ce da abin da ba ta ce ba, ya iya rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar magajin gari, ya iya koya wa yaran shago karatu da lissafi awa ɗaya bayan la'asar. Tsohuwar ungozoma ta iya auna jinin matan layi sau ɗaya a mako. Ku jawo su cikin ƙungiyoyinku, ku ba su aikin da suka iya, ku kuma gaya musu gaskiya: Mushe, kada ka zuba kuɗinka tukuna, zauna kusa da wane wata shida ka ga yadda ake yi. Shi ya tsira da jarinsa ya samu wurin zuwa kowace safiya, ku kun samu mai alƙalami da ba ya neman cin ku.

Mutum na iya yin aikin da ya fi na ƙuruciyarsa amfani bayan an ce ya gama. Jimmy Carter, manomin gyaɗa ne kafin ya zama shugaban Amurka, ya faɗi zaɓe ya bar mulki a 1981 yana da shekara 56. A 1986 cibiyar da ya kafa ta shiga yaƙi da kurkunu, lokacin ana ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa da shi a shekara. Waɗanda suka tashi a ƙauye sun san abin da kurkunu ke yi, yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Janar Amadu Tumani Ture na Mali, bayan ya miƙa mulki a 1992, shi ma cikin wannan yaƙi ya shiga, haka Janar Yakubu Gowon a Najeriya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta rabu da kurkunu, kuma a 2024, shekarar da Carter ya rasu yana da shekara 100, waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai 20 ba. Wani zai ce ai waɗannan shugabanni ne, da kuɗi da jirgi. Haka ne. Amma sassaben zamani da aka fara a yankin Maraɗi a 1983, wanda ake ƙiyasta ya maido da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakin ƙasar nan, ba jirgi ya yi shi ba. Wuƙa ce da haƙuri, da mutumin da ke zagaya gonarsa yana gyara tohon gawo da kalgo yana hana a sare. Tsohon ɗan kasuwar da ke da ƴar gona a bayan gari yana da wannan lokacin fiye da kowa, kuma tafiyar kanta magani ce, tunda likitoci minti 150 na motsa jiki suke nema ga babba a mako, wato kamar rabin awa a kwana biyar.

Duk wannan maganar waɗanda ke da ɗa mai cewa "huta" ce. Akwai waɗanda ba su da shi, kuma kowace kasuwa tana da su: tsohon ɗan dako da har yanzu ke saɓa buhu don in bai saɓa ba ba zai ci ba, tsohuwa mai tallan ganye da ke tahowa a ƙasa daga ƙauye, wanda gobara ta cinye rumfarsa bai sake tashi ba, kamar yadda ta faru ga mutane da yawa a babbar kasuwar Yamai a 1982 da ƙaramar kasuwa a 2012. Su ba abin yi suka rasa ba, sauƙi suka rasa. Gaya musu su nemi abin da zai ɗebe musu kewa cin fuska ne. Abin da ya dace da su shi ne a canza musu aiki zuwa wanda jiki ke ɗauka: gadin kaya da rana, riƙon ma'auni, tsaron tabarmar masallacin layi, tsince hatsi a inuwa, da ɗan abin da za a riƙa ba su na yau da kullum ba sai sun miƙa hannu ba. Layin da ke iya tara kuɗi cikin awa ɗaya in an kama motar ɗayansu, yana iya tara dala ashirin-ashirin kowace ranar kasuwa saboda tsofaffinsa. Ba sai an jira gwamnati ko wata ƙungiyar waje ba.

Shugabannin ƴan hatsi, na ƴan atamfa, na mahauta, na masu kayan miya, da iyayen adashe, ga abin da muke roƙo ku sa cikin zamanku na gaba. Ku sa wani ya rubuta sunayen waɗanda suka tashi daga layinku cikin shekara biyar da suka wuce. A bincika wa ke raye, wa ke kwance, wa aka kai wani gari. Na kwance a raba ranakun zuwa gaishe su, na nesa a nemi lambar wayarsu, masu sauran ƙarfi kuma a ajiye musu benci a inuwa kusa da mai shayi, a aika adaidaita ta ɗauko su ranar kasuwa.